Ɗakin kwamfuta, kwamfutar hannu ga kowane yaro, ko kayan aikin malami: wanne za a fara saya?

Idan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta yi karo-karo, ko wani ɗan gari mai hali ya ce a faɗa masa abin da makaranta ke buƙata, ko Hajiya mai makarantar kuɗi ta ga 'yar riba a ƙarshen zango, maganar da ke fara fitowa a taron kwamiti kusan kullum ɗaya ce: a sayo kwamfuta. Daga nan ne baki ke rabuwa. Wani ya ce a gyara aji ɗaya a mayar da shi ɗakin kwamfuta, tunda JAMB a kan kwamfuta ake rubuta ta. Wani ya ce ai duniya ta wuce nan, a raba wa yara kwamfutar hannu, wato tablet, kowa da tasa. Can daga baya wani malami ya ɗaga hannu ya ce, ranka ya daɗe, shi da za a kafa masa babban talabijin ko majigi a aji, da wutar da ba ta ɗaukewa, da an gama masa komai. Ba a cika tsayawa kan maganarsa ba, domin abin da ya roƙa ba ya yin kyau a hoton ranar yanka ƙyalle.

Ni ina bayan malamin nan, musamman idan firamare ce ko ƙaramar sakandare. Idan babbar sakandare ce, ƙaramin ɗakin kwamfuta yana da hujjar da ba a kauce mata. Kwamfutar hannu ga kowane yaro kuwa ita ta fi daɗin ji, kuma ita zan tura ƙarshen layi, duk da akwai inda lissafin nata ke juyewa.

Kowane yaro da tasa

An riga an gwada wannan da maƙudan kuɗi, ba sai mun yi hasashe ba. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT da ke Amurka ya fito da shirin One Laptop per Child: a ƙera ƙaramar kwamfuta mai jure wahala a kan dala 100, a ba kowane yaro a ƙasashe masu tasowa. Farashin bai taɓa sauka zuwa dala 100 ɗin ba, ya tsaya kusa da ninkin haka. Nijeriya na cikin wuraren da aka fara gwajin, a wata firamare da ke Galadima kusa da Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta shiga da ƙarfinta, ta sayi sama da 800,000. Masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka bi makarantun karkara 319, bayan wata 15 suka gwada yaran. Sun iya sarrafa kwamfutar, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da karatu babu abin da suka fi 'yan uwansu da ba a ba komai ba.

A Kenya alkawarin zaɓen 2013 ne, cewa kowane ɗan aji ɗaya zai sami tasa. Daga 2016 aka raba sama da miliyan ɗaya, sai ga shi a 2019 ma'aikatar ilimi ta ce za ta koma gina ɗakunan kwamfuta. A nan gida, Jihar Osun ta ƙaddamar da Opon Imo a 2013 zamanin gwamna Rauf Aregbesola, da niyyar raba kwamfutar hannu guda 150,000 ga 'yan babbar sakandare, ɗauke da littattafai da tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Ba a kai adadin ba, yau kuma ba a jin ɗuriyar shirin kamar da.

Ba mugunta ko sakaci kaɗai ke kashe irin waɗannan shirye-shirye ba. A ɗauki aji mai yara 70. Kowace na'ura tana son caji na awa biyu zuwa uku, kullum. Wa zai jona 70, a wane soket, da wace wuta? Bakin caji shi ke fara mutuwa, sai gilashi. Batirin da aka ajiye a sito mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ba ya daɗewa yake kumbura. Idan aka ce yaro ya tafi da ita gida, kafin mako ya zagayo yayansa ya kai ta wajen masu tura fina-finai. Idan aka ce ta kwana a makaranta, to an sayi na'ura 70 don a taɓa ta na ɗan lokaci a yini.

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne darasin malami da abin da ke cikin na'urar ba sa haɗuwa. Malam yana bin manhajarsa ta zango, na'ura tana ɗauke da hoton littafin da dama akwai shi a kasuwa. Yaron da bai iya karatu a takarda ba, ba zai iya a gilashi ba, ga shi takarda ta fi araha, ba ta kuma neman caji.

Inda lissafin ke juyewa shi ne idan manhajar da ke ciki tana gano matakin yaro ta bi shi a hankali. An gwada wata mai suna Mindspark a birnin Delhi na Indiya da ɗalibai 619 'yan ƙaramar sakandare. A cikin wata huɗu da rabi, ci gaban da suka samu a lissafi ya ninka na waɗanda ba su shiga ba. Sirrin ba wani boyayye ba ne: yawancin yaran suna baya da ajinsu da shekaru, manhajar kuma ba ta duba ajin da aka rubuta wa yaro, amsoshinsa take dubawa. Duk wanda ya taɓa koyar da ɗan JSS 2 da ke kokawa da ɗebewa mai aro ya san wannan ciwon namu ne. Sai dai a lura, can ɗin ba kowa da tasa aka yi ba; cibiya ce, rukuni ya fita rukuni ya shiga, akwai kuma malami da ke zama da su. Haka ake yi a Malawi da manhajar onebillion, cikin harshen Chichewa da yaran ke ji. Irin wannan manhaja ba ta yawaita a Hausa ba, kuma wannan babban cikas ne ga 'yan aji ɗaya zuwa uku.

Saboda haka idan kwamiti ya nace sai kwamfutar hannu, a sayi 20 ko 30, a yi musu akwati ɗaya mai caji da kwaɗo, ajujuwa su riƙa karɓa-karɓa. Kafin a biya mai kaya, a kira yaro mai ƙoƙari da yaron da ke baya, a ba kowa ɗaya na minti goma, sannan a leƙa. Idan tambayoyin da ke gabansu iri ɗaya ne, littafi ne kawai aka saka a gilashi.

Ɗakin kwamfuta

Hujjarsa a fili take. Tun 2015 JAMB ta daina takarda gaba ɗaya. Tambaya 180 ce a cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 a sauran darussa uku. Ana iya amsawa da maɓallai kaɗan: A zuwa D don zaɓi, N don ci gaba, P don komawa baya, S don miƙawa. Abu ne mai sauƙi ga wanda ya saba. Amma yarinyar da ranar jarrabawa ce ranar farko da ta ɗora hannu kan maus, agogo na gudu a saman allo, hannunta na rawa, za ta ɓatar da mintunan da ba za ta dawo da su ba, ko da ta haddace littafin Kemistare daga bango zuwa bango. WAEC ma ta fara amfani da kwamfuta ga masu rubutawa daga wajen makaranta a farkon 2024, kuma a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da cewa gwamnati na son WAEC da NECO su koma kan kwamfuta. Ko an yi jinkiri, inda aka dosa a bayyane yake.

Amma a san abin da ɗakin ke saya wa yaro: sabo da na'ura, iya buga rubutu, cire tsoro. Ba ya koyar da Fiziks. Mu yi lissafin da ba a cika yi a taron kwamiti ba. A ce makaranta na da ɗalibai 600, ajujuwa goma masu 60-60, an sayi kwamfuta 20. Aji ya shigo darasin minti 40, yara uku a kan kowace na'ura. Cire mintunan shiga da kunnawa da rigimar kujera, kowane yaro zai taɓa madannai na minti goma, in ya yi sa'a. Kuma a kowane ukun akwai mai kankanewa, akwai mai kallo. A makarantar haɗaka galibi 'yan mata ne ke komawa kallo. Idan an raba aji uku, kowa ya zauna shi kaɗai, ana buƙatar darasi 30 a mako kafin kowane yaro ya sami zama ɗaya, wato ɗakin ba zai rufu ba daga safe har tashi, kuma sai da malamin da ba shi da wani aiki sai wannan. Ga 'yan SS 2 da SS 3 kaɗai, kwamfuta 20 ta wadatar sosai. Ga makaranta gaba ɗaya, an yi ne ba a yi ba.

Sai wuta. Kwamfutar tebur da allonta tana jan wat 100 zuwa 150. Guda 20 na awa biyar sun kai yunit 12 a yini, ban da fanka. Wannan aikin babban inbata ne da jerin batura, ko janareta. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, janareta ya zama abin da ake tayarwa ranar da baƙi za su zo. Wutar gwamnati kuwa, wanda ya ga duhun da jihohin Arewa suka kwana ciki sama da mako guda a Oktoban 2024 ba zai ɗora jadawalin darasi a kanta ba. Mutanen Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana nasu a Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take tura wa Nijar. Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawar kullum ita ce, kuma a wajen kwamfutar tebur harawar tana da tsada.

Shi ya sa na fi son laftof, ko da tokumbo ce. Tana jan kamar kashi ɗaya cikin uku na wutar, batirinta kuma yana riƙe ta idan an ɗauke, ba za ta mutu a tsakiyar tambaya ta 35 ba. Aibinta biyu: tana shiga jaka cikin sauƙi, kuma madannanta ba sa jure yatsun yara. Na biyun yana da magani mai araha, a jona mata madannai da maus na waje. In sun lalace a sake, ga shi dama irinsu yaro zai tarar a cibiyar JAMB. Na farkon sai akwatin ƙarfe da ƙofar ƙarfe da maigadi mai albashi. Wajen saye, kada a yarda da "batirinta garau ne, Alhaji". A cire caja, a kunna bidiyo, a zauna a jira. Kwamfutar tebur tana da nata alherin: kayan gyaranta sun cika titin Beirut a Kano da kowace kasuwar kwamfuta, kuma ba a saɓa ta a kafaɗa a tsallake katanga. Amma fankarta tana zuƙar ƙurar hunturu, in ba a buɗe ana hurawa kowane zango ba sai ta fara zafi tana kashe kanta. Ƙaramin abin lura: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 daga 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba sa ɗaukar Windows 11. Ga ɗakin da ba ya kan intanet wannan ba babbar damuwa ba ce, kuma Linux, madadin Windows, kyauta ce.

Intanet ɗin ma ba dole ba ne, kuma bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025, gara haka. Ana ware kwamfuta ɗaya a zuba mata Kolibri, manhajar kyauta da ke ɗauke da darussa da atisaye, da Kiwix mai buɗe Wikipedia ba tare da data ba, da manhajar tambayoyin JAMB na baya. A haɗa ta da ƙaramin rauta, sauran su riƙa ɗiba daga gare ta. An huta da kuɗin data, an kuma huta da yaran da za su zarce TikTok.

Akwai mai cewa a taro, ai ɗakin zai mayar da kuɗinsa, za mu zama cibiyar JAMB. A gaya masa cikin ladabi cewa JAMB tana neman kwamfuta aƙalla 250 a zaure ɗaya, da ƙarin na ko-ta-kwana, da kyamarori da wuta tsayayya. Wannan wata sana'a ce daban.

Abin da ya fi kashe ɗakunan kwamfuta a ganina ba ƙura ba ce, mukulli ne. Kowa ya san irin ɗakin: labule a taga, leda a kan kowace na'ura, mukulli a aljihun shugaban makaranta. Ba don shugaban mugu ne ba. An sa shi ya sa hannu a takarda cewa ya karɓi 20, ya san ranar da masu duba makarantu suka zo suka tarar 18 ke aiki shi za a tuhuma. Malamin kwamfuta shi ma ya san in allo ya fashe daga albashinsa za a cire. Kowa ya ga rufewa ta fi masa kwanciyar hankali. In kwamiti bai rubuta ƙarara cewa lalacewar amfani a wuyan makaranta take ba, bai kuma ware kuɗin gyara tun ranar saye ba, ɗakin zai zama wurin kai baƙi.

Kayan malami

Ga abin da nake nufi: waya mai kyau ko laftof ɗaya, babban allo a gaban aji, 'yar lasifika mai caji, da sola daidai su. Talabijin mai inci 43 zuwa 55 yana jan wat 60 zuwa 100 ne. Awa biyar bai wuce rabin yunit ba; faranti ɗaya ko biyu da batir ɗaya sun ɗauke shi. A kwatanta da yunit 12 na ɗakin can. Kuma duk minti 40 ɗin darasi yana isa ga yara 60 a lokaci guda, ba minti goma-goma ba.

Me ake yi da shi? Malamar Bayoloji takan ɓata kusan rabin darasi tana zana zuciya da alli, yara na kwafa, a tashi ba wanda ya fahimci yadda jini ke zagayawa. Bidiyon minti biyu yana nuna ƙofofin zuciya suna buɗewa suna rufewa. Ta tsayar da shi a tsakiya: "Kai Sani, daga nan jinin ina ya nufa?" Ya ce huhu. "Me zai ɗauko a can?" Ta mayar da shi baya, a sake kallo, sannan a zana. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje tana iya buɗe PhET, wasannin gwajin kimiyya na kyauta da jami'ar Colorado ke yi tun 2002, waɗanda ake saukewa sau ɗaya a yi ta amfani ba data. Malam ya haɗa batir da ƙwai biyu a allo, ya tambayi aji me zai faru in an cire ɗaya, a yi gardama, a ɗaga hannu, sannan a cire a gani. Malamin Turanci ya saka muryar mai karatu a lasifika, yara su ji yadda ake furta abin da suke gani a takarda. 'Yan firamare kuwa, shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labarai masu hoto da Hausa, kyauta; a haska ɗaya, aji duka su karanta tare, malama na bin layi da sanda. Nigeria Learning Passport, da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta buɗe a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, ita ma tana da darussa da Hausa.

Amfanin da na fi so bai ma shafi bidiyo ba. Malamin lissafi ya ba da aiki, ya zagaya, ya ga kuskuren da rabin aji ke yi. Ya ɗauki hoton littafin yaro ɗaya, ya rufe sunan da yatsa, ya haska. "To jama'a, a wane layi aka kauce?" Cikin minti biyar an gyara abin da da sai ya kwashi littattafai 60 ya kai gida, ya dawo da su bayan kwana uku lokacin da kowa ya manta.

Ba mu kaɗai ke wannan tunanin ba. Lokacin da Jihar Edo ta fara EdoBEST a 2018 zamanin Godwin Obaseki, malamai aka ba kwamfutar hannu mai ɗauke da tsarin darasi, ba yara ba. Legas da Kwara da Bayelsa suka bi sahu. Ana sukar tsarin da cewa yana mayar da malami mai karanta abin da aka rubuta masa, kuma sukar tana da gaskiya a ciki. Makaranta ɗaya ba za ta iya kwaikwayonsa duka ba. Abin ɗauka dai shi ne hannun da aka danƙa wa na'urar.

Wannan zaɓin yana da nasa ramin, kuma mai zurfi ne: komai ya rataya a kan malami. Malamin da dama ba ya son tsayuwa, ka ba shi talabijin ka ba shi mafita. Zai kunna bidiyon minti 30 ya fita inuwa. Wani kuma zai haska dogon rubutu ya ce a kwafa, an sauya allo ne kawai, darasi yana nan yadda yake. Shugaban makaranta ya kafa doka mai sauƙi: bidiyo kada ya wuce minti biyar ba a tsaya an yi tambaya ba, kuma a rubuta a tsarin darasi me za a nuna, don me. Malamai su riƙa zama awa ɗaya a mako suna nuna wa juna abin da ya yi aiki. Bitar kwana ɗaya da mai kaya zai yi ranar kafawa ba ta kai ko'ina.

Talabijin ko majigi? A nan mutane da yawa ke asara. Ƙananan majigin nan masu araha da ake tallatawa da manyan lambobi a jikin kwali, da dare suna da kyau. Da ƙarfe sha ɗaya na safe a ajin da tagogi ke buɗe, sai ka ga kamar an watsa ruwa a bango. A rufe tagogi kuma, yara 70 a watan Maris, babu mai jure minti goma. Majigin da ke aiki da rana sai mai hasken lumen 3,000 na gaskiya zuwa sama, shi kuma yana jan wat 200 zuwa 300, ƙwansa yana ƙarewa bayan 'yan dubban awoyi, matatarsa tana toshewa da ƙura. Talabijin ba ruwansa da hasken rana, ba shi da ƙwai, masu gyaransa suna kowane gari. Matsalarsa girma. Masu kafa allo suna cewa rubutu yana karantuwa ne har zuwa nisan da ya ninka tsayin allo sau shida: inci 43 ya ba ka mita uku da 'yan kai, inci 55 mita huɗu, inci 65 kusan biyar. Aji kuma yakan kai mita takwas. 'Yan bencin baya za su ga hoto, ba za su ga ƙananan rubutu ba. Ni zan ɗauki talabijin mafi girman da kuɗi suka iya, a ɗaga shi sama cikin kejin ƙarfe, a yi rubutu manya-manya, a riƙa juya wurin zama. Idan kuɗin na aji ɗaya ne kacal, gara a ware ɗaki ɗaya ajujuwa su riƙa zuwa, da a riƙa yawo da talabijin a baro.

Wayar da ke aljihu tun tuni

Akwai na'urar da ba ta shiga lissafin kwamiti domin ba sai an saye ta ba. A Nijar, tsakanin 2009 da 2010, Jenny Aker da abokan aikinta sun gwada ƙara koyar da amfani da ƙaramar waya a ajujuwan yaƙi da jahilci na manya, a ƙauyukan Dosso da Damagaram, da Hausa da Zabarmanci. Waɗanda suka koyi rubuta saƙo sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, domin sun sami dalilin yin amfani da harafi bayan an tashi aji. A Botswana, lokacin rufe makarantu na 2020, saƙon lissafi a mako da kiran waya na minti 15 zuwa 20 daga malami sun ɗaga iya lissafin yara a gidaje kusan 4,500, da kuɗi ƙalilan. Duk da 'yar rakani-kashi aka yi, ba mai shafa ba. Makarantar jeka-ka-dawo tana iya yin irin wannan a dogon hutu da kuɗin kati kawai. Shigo da wayar yara cikin aji kuwa magana ce daban, ban goyi bayanta ba. Faransa ta hana tun 2018, kuma ba don ta rasa wuta ko data ba.

Za a tambayi ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT. Bankin Duniya ya yi gwaji a birnin Benin a tsakiyar 2024: mako shida, bayan tashi, 'yan SS 1 bibbiyu a kan kwamfuta suna koyon Turanci da Copilot, irin ChatGPT ɗin na kamfanin Microsoft, malami na zagayawa yana ba su abin da za su tambaya. Sakamakon ya yi kyau. Amma da ɗakin kwamfuta aka yi, da intanet, da malami a tsaye, kuma ɗaukewar wuta da ta layi sun ci musu darussa. A yanzu wanda ya fi cin moriyarta cikin sauƙi malami ne, a wayarsa, wajen haɗa tambayoyin atisaye. Ya dai duba kowace amsa, domin tana yin kuskure da cikakken ƙarfin hali, Hausarta kuma ba ta kai Turancinta ba.

Yadda zan raba kuɗin

A firamare, in yara ba su da littafin karatu a hannu, ko rufi na yoyo, a fara da wannan. Shirye-shiryen karatu da Hausa irin su Mu Karanta! a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara da littafi da horon malami suka yi aikinsu. In wannan ya samu, sai sola, allo da lasifika. A ƙaramar sakandare haka nan, in kuma an sami manhajar lissafi mai bin matakin yaro, a ƙara akwatin kwamfutar hannu na karɓa-karɓa. A babbar sakandare a raba biyu: allo ɗaya na darussan kimiyya, da laftof 15 zuwa 20 na 'yan SS 2 da SS 3. A kowane hali a fara sayen wuta kafin na'ura, batirin litiyam in da hali domin na ruwa ba ya wuce shekara biyu zuwa uku a zafinmu. A kuma riƙe wani kaso na kuɗin, ni zan ce ɗaya cikin biyar, a asusun gyara da alawus na malamin da aka ɗora wa kula da kayan. Kafin a kafa komai, a ɗauki yara 20 ba zaɓe, a ba su sakin layi su karanta da lissafi biyar su yi, a ajiye takardun. Bayan zango biyu a maimaita, kafin a yi maganar sayen kashi na biyu.

Sauran hali ɗaya: makarantar da ke da 'yan SS 3 arba'in ko hamsin, JAMB saura wata huɗu, kuɗin kuma ba su isa ko laftof goma da solarsu ba. Kada a sayi biyar don a ce an saya. A je cibiyar kwamfuta mafi kusa, wadda yawancin shekara kujerunta a wofi suke, a yi ciniki na safiyar Asabar huɗu ko biyar, a ɗauki hayar mota a kai yaran tare da malamansu, kowa ya zauna shi kaɗai ya yi cikakkiyar awa biyu da agogo na gudu. A kuma biya musu kuɗin jarrabawar gwaji da JAMB ke yi kafin ta gaske, a tabbatar an zaɓe ta tun wajen rajista, domin in an wuce nan ba a komawa.